Ƙwayar "pavot" da ake barbaɗawa a burodi: zan iya shuka ta a fadamata?

Baban Hajara, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni mai gidan burodi ne, shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar, tanda biyu gare ni da yara shida. A hutun da ya wuce 'yar ƙanwata da ke karatu a Faransa ta zo mana da tsaraba, a ciki akwai wata 'yar leda ta giram 250 an rubuta "graines de pavot". 'Yan ƙwayoyi ne mitsi-mitsi, ba su kai riɗi ba, launinsu tsakanin toka da shuɗi. Ta ce a can ana barbaɗa su a bayan burodi kafin a sa a wuta. Na gwada a burodin madara guda arba'in, na shafa ƙwai na barbaɗa. Kafin azahar ko ɗaya bai rage a kan tebur ba, har wata hajiya ta dawo tana so in yi mata na suna.

Yanzu ledar ta kusa ƙarewa. Wanda ya ce zai kawo mini daga Duwala ya faɗi kuɗin da in na biya, sai dai in ci burodina ni kaɗai. Sai na ce to, ai iri ne. Na watsa kaɗan a tsohon gwangwanin madara a bayan gida, ga su nan sun tsiro. Ina da 'yar fadama wajen Pitowa inda nake albasa da tumatir da rani, niyyata in ware musu gefe guda.

Abin da ya tsayar da ni, maƙwabcina tsohon jandarma ya leƙa gwangwanin, ya juya ledar ya karanta, ya ce, "Alhaji, wannan uwar kayan maye ce. In kana son ci gaba da kwana a ɗakinka, tuge ta." Daga haka ya wuce masallaci, bai ƙara ko kalma ba. Don Allah, ta yaya abin da yara ke ci a Faransa zai zama laifi a gonata? Sannan akwai wata ciyawa mai ƙaya da rawayan fure da ta cika bakin fadamar, wani ɗan lise, wato ɗalibin sakandare, ya ce ita ma pavot ce. Ita ma kama ni za a yi a kanta?

Malamin Kimiyya, Marwa

Wa alaikumus salam Alhaji. Maƙwabcinka bai yi maka ƙarya ba, gajarta zancen kawai ya yi irin na masu kaki.

Shuka ɗaya ce take ba da abu biyu. Sunanta a littafi Papaver somniferum, wato mai kawo barci, Larabawa kuma suna ce mata khashkhash. In furenta ya zube sai ta bar wani ƙoƙo kamar ƙwai mai 'yar hula a ka. Ƙwayar da ka barbaɗa tana cikin ƙoƙon nan. A jikin ƙoƙon kuwa, tun yana ɗanye, akwai farin ruwa mai kauri kamar nonon tumfafiya. Shi ne in ya bushe ya yi duhu ake kira afyun, kuma wajen kashi goma cikin ɗari nasa mofin ne, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi da ke sa maye. Kodin ma a ciki yake, hiroyin kuma daga mofin ake haɗa ta. Ita ƙwayar ba ta ɗauke da wannan sai ɗan abin da ya shafe ta lokacin girbi, shi ya sa ake tsaftace ta a sayar a matsayin abinci.

Doka ta bi wannan rabuwar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan kayan maye, wadda Kamaru take ciki, ba ta sa ƙwayar a lissafi ba, amma ta kama afyun da sauran jikin shukar, ta kuma ba kowace ƙasa damar hana noman baki ɗaya. Mu nan hanawa aka yi. Doka mai lamba 97/019 ta 7 ga Agusta 1997 ta ambaci shuka uku da suna: pavot mai afyun, itacen koka, da wiwi. Ba a noma su a ƙasar Kamaru. Har ta ɗora wa mai gona nauyin ya lalata su in sun fito da kansu. Alƙali ba zai auna niyyarka ta burodi ba kafin ya auna abin da aka samu tsaye a gonarka, kuma hukuncin na ɗauri ne.

Ta bakin fadama kuwa kwantar da hankalinka. Argemone mexicana ce, wadda wasu ke kira haƙorin kada. Dangi ɗaya suke, ɗalibin bai ɓata ba, amma ruwanta rawaya ne kuma ba mofin a ciki, dokar nan ba ta shafe ta ba. Sai dai kada wani ya ce tunda ƙwayarta baƙa ce a barbaɗa ta a burodi. Guba ce. A Delhi a 1998 mutane sun mutu da kumburin jiki saboda an gauraya manta da man girki.

Ɗan Kusuri

To Malam, in Indiya da Turkiyya suna nomawa da takarda a hannu suna cin kuɗi, mu me muka yi? Auduga ta cinye mana ƙashin baya. A ba manomi lasisi mana, gwamnati ta saya.

Malamin Kimiyya, Marwa

Ɗan Kusuri, lasisin nan ba irin na tuƙin babur ba ne da za ka karɓa ka sa a aljihu. Ƙasar da za ta yi noman afyun, yarjejeniyar 1961 ta wajabta mata kafa hukuma guda wadda ita ce za ta zaɓi yankin, ta auna filin kowane manomi, ta saye amfanin gaba ɗaya, ta kuma kwashe shi cikin wata huɗu bayan girbi. Manomi ba shi da ikon ajiye ko cokali ɗaya.

A Indiya jihohi uku ne kawai: Madhya Pradesh, Rajasthan da Uttar Pradesh. Hukumar tana Gwalior, masana'antun gwamnati biyu suna Ghazipur da Neemuch. Ana yanka wa manomi adadin da dole ya kawo, in ya gaza sai a ɗauka ya karkatar da saura, badi ba shi ba lasisi. Ka ga in tsuntsaye ko ruwan ƙanƙara suka ɓata maka gona, ga asara ga zargi. Turkiyya, wadda take da gari sukutum mai suna Afyon, ta hana noman a 1971 saboda matsin Amurka, ta dawo da shi a 1974 da sharaɗin ba a tsaga ƙoƙo, a bar shi ya bushe a kai masana'anta. Haka ake yi a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, da Faransa da Sifen. Kowace shekara kuma sai an kai lissafi ga hukumar sa ido ta duniya da ke Biyana.

Inda ba wannan tsarin, dubi Afganistan. A 2022 an noma hekta 233,000. Taliban suka hana a watan Afrilun shekarar, a 2023 ya faɗo zuwa 10,800, sai Myanmar ta haye gaba. Ni dai in muna fama da tsare iyakar Kusuri da Fotokol daga katan-katan na tiramol, ban ga yadda za mu tsare gona dubu ba. Ga kuma zafi: shukar sanyi ce, ranar Garwa ta watan Maris ba za ta raga mata ba.

Maman Abba, ma'aikaciyar jinya, Gaundare

Sannunku. Malam ya gama da doka, ni kalmar "uwar kayan maye" ce ta tsaya mini a rai. Baban Hajara, ita ce kuma uwar maganin da babu kamarsa in ciwo ya kai maƙura. Tun wajen 1805 da wani mai haɗa magani Bajamushe, Sertürner, ya ware mofin daga afyun, har yau da shi ake auna ƙarfin sauran magungunan raɗaɗi.

A inda nake aiki yana cikin ƙaramin kabad na ƙarfe, makulli a hannun mutum ɗaya, kowace allura sai an rubuta a rajista: sunan mara lafiya, awa, wanda ya ba da, abin da ya rage. Ban ƙi wannan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ranar da za ka buɗe kabad ɗin ka tarar wayam. Na taɓa kwana da wata dattijuwa mai ciwon dajin nono, tana cizon bakin zanenta don kada jikokinta su ji kukanta, 'yarta tana yi mata fifita da murfin kwano, mu kuma ba abin da muke da shi sai farasitamol. A wannan daren, in ka fita bakin tasha da sefa ɗari, yaro zai miƙo maka tiramol ba tambaya. A Yuganda tun 1993 aka fara ba masu irin wannan ciwo mofin na ruwa su sha a gida, daga baya har aka yarda ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi. Wannan ya fi damuna a kan wa zai noma.

Tunda Malam ya ambaci tiramol: shi ba daga shukar nan yake ba, a masana'anta ake haɗa shi, wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shi a 1977. A 2013 wasu masu bincike suka ce sun same shi a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, aka yi ta murna wai itace na yin tiramol. A 2014 wasu suka sake dubawa, suka ce a'a, mutane ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa, fitsari ya shiga ƙasa saiwa ta zuƙa. Na yi dariya da na karanta, daga baya dariyar ta tsaya.

Alhajin Dubai, Injamena

Nawa gajere ne. Ko ragowar da ke cikin ledar kada ka kuskura ka sa a jaka in za ka Umara ko Dubai. A Saudiyya da Daular Larabawa ƙwayar kanta haramtacciya ce, haka Singafo, ba ruwansu da cewa ta burodi ce. Kuma wanda ya ci da yawa, gwajin fitsari yana iya nuna mofin. In kana da kwastoma direban kamfani ko soja, ka gaya masa kafin ya saya.

Baban Hajara, Garwa

Allah Ya saka da alheri, Malam, Maman Abba, Alhaji. Allah Ya ji ƙan dattijuwar nan in ta riga mu. Bayan sallar asuba na juye gwangwanin a bakin tanda, tsiro goma sha bakwai na ƙirga, wuta ta cinye su a gaban maƙwabcin nawa, ya ce yanzu zai iya shan shayi a gidana. Hajiya mai suna ta yarda a yi mata da riɗi da ɗan habbatus sauda, har ta ce ya fi ƙamshi. Ragowar ledar bai fi cokali uku ba, na uwargida ne, ta riga ta ɓoye.

Malam, ita waccan mai ƙayar, awakin maƙwabta suna shiga fadamar kullum. In sun ci tana yi musu illa, ko in bar ta?