Ƙanena ya faɗo daga bene a wurin aiki, shin yana da haƙƙin diyya?

Yayan Lebura:
Assalamu alaikum. Ƙanena lebura ne a wani ginin bene, kuma ranar da ake zuba dekin, katakon da yake takawa ya karye, ya faɗo da kwanon kankare a kansa, ƙafarsa ta karye. Ɗan kwangilar ya biya kuɗin asibiti na ranar farko kawai, sannan ya ce tunda biyan yini yake yi masa, babu sauran nauyi a wuyansa. Ina roƙon masana su bayyana mini ko doka ta yarda da haka.

Mai Karatun Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Maganar ɗan kwangilar ba ta da tushe, domin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da ma'aikacin yini da na wucin gadi da mai koyon sana'a, kuma ba a buƙatar a tabbatar da laifin wani kafin a biya. Hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, ce ke riƙe da asusun diyyar, wanda mai aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga ladansu. Abin da nake jiye muku shi ne wa'adi: a sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a nemi diyyar kafin shekara guda ta cika da faruwar hatsarin.

Tsohon Birkila:
Ɗana, abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai yawancin ƙananan 'yan kwangila ba su yi rajista da hukumar ba, kuma lebura ba shi da takardar ɗaukar aiki. Saboda haka ku adana takardun asibiti da hoton ƙashin, ku rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a idonsu tun kafin a gama ginin kowa ya watse. Kada ku sa hannu a wata takardar sulhu don an miƙo muku 'yan kuɗi.

Mai Karatun Shari'a:
Haka ne, Baba. Ko da bai yi rajistar ba, ku je ofishin hukumar na jiharku da takardun, idan kuma abin ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara.