Neman kalma: altaneta da hanyar da ƙarfin inji ke bi zuwa taya

Malamin Kanikanci, Ringim: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da yara darasi kan ɗauke altaneta, wato na'urar da ke cajin batirin mota, daga jikin inji a maida ita kan farfela, sandar nan da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, wai don inji ya huta. Me zan kira altaneta? Kuma wace kalma ce za ta haɗe giyabos, farfela da aksul?

Mai Wayarin, Kazaure: Malam, bar ta a altaneta. Dainamo daban ne, wutarsa a miƙe take fitowa. Altaneta wuta mai kai-komo take bayarwa, dayod shida (masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) su miƙar da ita, regileta kuma ya tsayar da ƙarfinta a wajen bolt 14 kafin batir ya sha. Caja kuma sai yara su ɗauka ta waya ce.

Dattijo, Gwarzo: Matatsar wuta. Daga tatsa, kamar majanyi daga janye. Har yaushe za mu dinga ara?

Mai Wayarin: Baba, mota da gareji fa? Je shagon kayan gyara ka ce a ba ka matatsa, ka gani.

Dattijo: Ɗana, kakanninmu ba su ce jirgin sama ba? Raina harshe ne kawai.

Bakanike, Bichi: Ku dawo kan aikin. A gaya wa yaran gaskiya: ƙarfin da ke juya farfela daga injin yake, har giyabos ya ci nasa kaso. Altaneta mai amfiya 70 doki biyu zuwa uku take ja, ko'ina aka ɗaura ta. Riba sai a gangara ko in an ɗaga ƙafa daga totur. Mota na tsaye kuwa, babu caji sam. A gudun kilomita 30 farfela na juyi wajen 1,000 a minti, dole fulinta ya ninka na altaneta sau uku. Ga ƙura da ruwan damina a ƙasan mota, su cinye boris. In bel ɗaya ke juya famfon ruwa, a nemo gajere, in ba haka ba inji ya tafasa. Golf ma ba ta da farfela, da tayoyin gaba take ja.

Malamin Kanikanci: Shi ya sa farfela ba ta isa ba. Zan rubuta “kayan jan taya”, altaneta kuma ta zauna, in ambaci matatsar wuta sau ɗaya.

Dattijo: Jan taya ya yi. Amma matatsar ya kamata ta zo farko.