Ta wace hanya zan taimaki mutanenmu masu rauni da ke tsare a hannun 'yan sanda?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jidda ne, ina da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, kuma ina jin Larabci sosai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin tsofaffi da mata da masu taɓin hankali daga cikin mutanenmu, waɗanda idan an kama su ba sa fahimtar abin da ake tambayarsu, har wani ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Ina so in ba da lokacina saboda Allah. Shin akwai hanyar da doka ta amince da ita?

Hajiya Babba, Makka:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ba a barin kowa ya shiga wurin wanda ke tsare don kawai yana da kyakkyawar niyya, saboda haka ka fara da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, ka gabatar da kanka a matsayin mai iya tafinta. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta bai wa baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema, amma yawancin matanmu ba su taɓa jin wannan ba. Waɗanda aka kai Shumaisi kuwa, wato wurin tsare baƙin da za a mayar ƙasashensu, sau da yawa rashin takardar tafiya ne ke tsawaita zamansu, kuma mai nemo musu dangin da za su tabbatar da asalinsu ya yi babban aiki.

Abu Safiyya, Madina:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Dokar shari'ar laifuka ta Saudiyya ta yarda wanda aka kama ya tuntuɓi wanda yake so ya sanar, ya kuma nemi lauya, don haka koya wa jama'a wannan a majalisu tun kafin tsautsayi ya faɗa shi ne ya fi amfani a ganina. Ina kuma jan kunnenka, ɗan'uwa, kada ka tara kuɗi a hannunka da sunan taimako, domin karɓar gudummawa ba tare da izini ba laifi ne a nan. Kwamitin Tarahum yana kula da fursunoni da iyalansu, mai son ba da kuɗi ya bi ta can.

Ɗan Jidda:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da ofishin jakadancin. Hajiya, shin akwai mata masu jin Larabci da za su yarda su yi wa 'yan'uwansu mata tafinta?