Neman shawara: Zan ɗauki adashe, in sake kayan ɗaki ko in gyara waɗanda nake da su?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Ni malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Kano, maigidana kuma ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, muna zaune da 'ya'yanmu uku a gidan haya mai ɗaki biyu da falo a Rijiyar Zaki. Albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024 nisa ba, nawa kuma bai kai nasa ba, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota da na cefane suka koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

A ƙarshen watan gobe zan ɗauki adashe na naira dubu 400. Kayan ɗakina tun na aurena ne a 2018, yadin kujerun ya koɗe, soson ya lotse, labulen ya sha rana, bangon falon kuma yara sun cika shi da zane. Wata dillaliya ta taya kujerun da gadon da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, wani mai shago kuma ya ce in ba shi kuɗin adashen gaba ɗaya ya ba ni sabon saiti, ragowar in biya cikin wata goma. Maigida ya ce kuɗina ne, in yi abin da na ga ya dace. Ba gasa nake so in yi da kowa ba, burina in shiga ɗakina raina ya yi fari, kuma in baƙi sun yi sallama kada gabana ya faɗi. Don Allah ku ba ni shawara.

Baban Sadik, kafinta:

Wa alaikumus salam. Malama, kafin ki amsa wa dillaliya ko mai shago, ki sa a kifa miki kujera ɗaya a yaye ƙyallen da ke ƙasanta ki duba katakon. Idan kika ga yana da nauyi, babu ƙananan huji, babu gari mai zuba, kuma kin girgiza hannun kujerar ba ta yi motsi ba, to abin da ya fi tsada a jikinta yana nan lafiya, yadi da soso ne kawai suka gaji. Na faɗi haka ne domin yawancin sababbin kujeru masu araha da ake jerawa a bakin titi kyansu a yadi yake, cikinsu kuwa ɗanyen katako ne wanda zai bushe ya saki ƙusa, ko kuma allon nan da ake matsawa daga garin katako, wanda da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya fara marmashewa. Gidan da ke da yara uku ba ya rabuwa da zubar ruwa da shayi.

Idan katakon ya yi, ki je kasuwa da ƙafarki tare da wanda zai yi aikin, ki zaɓi yadi da soso da kanki. Ingancin soso a nauyinsa yake, ba a kaurinsa ba, don haka ki ɗaga biyu masu girma ɗaya ki gwada, ki ɗauki wanda ya fi nauyi ko da ya fi tsada, domin shi ne zai hana ki komawa wurin kafinta bayan shekara biyu. Yadi kuma ki nemi mai kauri, ruwan toka ko ruwan ƙasa, ki guji fari da mai ƙyalli. Ba dole ba ne a gyara kujerun duka. Doguwa ɗaya da ƙanana biyu sun isa falon gidan haya, ragowar sai ki sayar ki ƙara a kuɗin aiki, falon ma ya sami fili. Gadon kuwa a goge shi da samfefa a sake masa fenti, idan katifar ta mutu ita ce ta cancanci a saya sabuwa.

Abin da zan ƙara miki, duk da cewa sana'ata ce, shi ne kada ki biya kuɗin aiki gaba ɗaya tun farko. Ki ba da rabi, ku sa rana a gaban shaida, sauran sai an kawo kaya. Kuma kada ki kai aiki ana gab da Sallah ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa, domin a lokacin gaggawa ake yi.

Hajiya Babba:

'Yar nan, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya. Ni abin da na gani a rayuwa shi ne jin daɗin gida daga tukunya yake farawa. Macen da ke zaune a kan kujerar miliyan, amma kullum da safe sai ta aika yaro awon gwangwani biyu na shinkafa, hankalinta ba a kwance yake ba, kuma baƙo yana ganin hakan a fuskarta. Tunda kuɗinki zai fito a kusa da kaka, ki ware wani abu mai kauri ku haɗa da na maigida a je Dawanau a sayo masara da gero da wake lokacin da sabon amfani ya shigo. Waken ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki cika jarka mai tsabta da shi har baki, ki toshe murfin yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki za su mutu da kansu ba tare da kin zuba maganin da zai cuci 'ya'yanki ba. Idan sanyi ya shigo, tumatirin Kadawa da Kura ya cika 'Yankaba, ki sayi kwando ki yanka ki shanya, ki yi haka da tattasai da kuɓewa, za ki gode wa Allah idan damina ta kama, kayan miya suka yi tashin gwauron zabi.

Game da ɗakin kuwa, mu a zamaninmu jere muke yi na kwalla da samira har kusa da rufi, kuma ba na raina shi, domin shi ne ajiyar mace, in ta shiga matsi ta ɗaga ɗaya ta sayar. Amma ɗakunanku na yanzu ƙanana ne, abin da ke ɓata su shi ne tarkace. Ki fitar da duk abin da aka yi shekara ba a taɓa ba, wanda zai sayu ki sayar, wanda ba zai sayu ba ki bayar sadaka. Bayan haka ki riƙe shara da guga safe da yamma, ki nemi turaren wuta mai kyau irin na mutanen Borno ko da ɗan kaɗan ne, ki riƙa turara labule da matasan kujera. Wanda ya shigo ɗaki ya tarar da ƙamshi da tsabta ba ya tambayar shekarun kujera.

Ummu Hanif:

Ina girmama maganar Hajiya, amma ina da ɗan saɓani a wuri guda. Ciyar da gida nauyi ne da ke kan maigida, kuma wannan baiwar Allah ta daɗe tana matse kanta kafin ta tara kuɗin nan. Idan ta taimaka da wani abu a sayi hatsi, alheri ne kuma za ta sami lada, amma kada mu sa ta ji kamar son ɗaki mai kyau laifi ne. Ya tabbata a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau. Abin da nake tsoro a maganarki, Maman Ilham, shi ne bashin wata goma. Ki koma ki tambayi mai shagon nawa zai sayar miki da saitin idan za ki biya nan take, sannan ki kwatanta da jimillar abin da za ki biya a hankali, bambancin zai ba ki amsa. Ga shi kuma a cikin wata goman nan akwai kuɗin makaranta, akwai azumi da Sallah, akwai ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi.

Shawarata ita ce ki bi maganar Baban Sadik a kan kujeru, sannan ki kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba a kan abu biyu, wato fenti da labule, domin su ido yake fara sauka a kai. Bangon ki yi masa launi ɗaya mai haske, ruwan madara ko makamancinsa, kuma ki nemi fentin da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma saboda yara. Labulen kada ki sayi ɗinkakke, ki shiga Kantin Kwari ki yanko yadi ki kai wa tela, ki sa a kafa ƙarfensa can sama kusa da silin, ya zarce faɗin tagar ta kowane gefe, labulen kuma ya sauko har ƙasa. Wannan kaɗai yana sa ɗaki ya yi kamar an ƙara masa tsawo. Idan kin sami madubi babba, ki rataye shi a bangon da ke fuskantar taga domin ya dawo da haske cikin falon.

Abu Fatima:

Malama, ni ɗan haya ne kamar ku, kuma ƙa'idar da nake bi ita ce ba na zuba kuɗi a kan abin da ba zan iya ɗora shi a mota ba ranar da mai gida ya ce yana son gidansa. Saboda haka ki manta da adon silin da tayil da takardar manna wa bango, komai kyan da suka yi miki a hotunan Instagram. Fenti ne kawai na yarda da shi, shi ma ki sa maigidanki ya fara yi wa mai gidan magana, wataƙila ya yarda a cire wani abu daga kuɗin haya, kuma in ya yarda a rubuta.

Akwai kuma jin daɗin da ba ya fitowa a hoto. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma a daren da babu wuta fanka mai caji da ƙaramin faifan sola sun fi kowace kujera amfani ga yara. Ƙwayayen lantarkin gidan ma ki mayar da su na zamani marasa jan wuta, domin mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ba ya ƙara wa ɗaki zafi kamar tsohon. Idan firji ya gagara saboda rashin wuta, randa tana nan, haka ma dabarar tukunya cikin tukunya da ake cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da ɗanyen tsumma, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga samun kyautar Rolex a 2000. Tana riƙe tumatir da ganye kwanaki ba su lalace ba, musamman lokacin da iska take bushe. Daga ƙarshe, ko naira dubu 50 ce ki ɓoye ta, kada ki bari adashen ya ƙare ƙarƙaf a rana ɗaya.

Anti Amarya:

Ƙarin da zan yi kaɗan ne. Kayan adon bango na waje suna da tsada kuma kusan kowane gida iri ɗaya ne, alhali a Kasuwar Kurmi za ki sami tumtum na fata da faifai masu launi da ƙwarya mai zane da tabarmar kaba a farashin da za ki iya. Faifai biyar ko shida da aka jera da tsari a bango ɗaya sun wadatar, kada a cika. Rigunan matasan kujera kuma ki gwada yin su da rinin Ƙofar Mata, shuɗinsa yana hawa da yadi ruwan toka sosai, sai dai ki wanke yadin shi kaɗai kafin a ɗinka domin yana zuba a wankin farko. A tsakar gida ki dasa na'a-na'a da ɗoɗɗoya a tsofaffin bokitai, ki riƙa ba su ruwan alwala.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Mun kifa kujerar kamar yadda Baban Sadik ya ce, katakon lafiyarsa ƙalau, don haka na ba mai shago haƙuri. Za a gyara uku, a yi fenti da labule, in sayi fanka, in ba da gudummawata a sayen hatsi, in ajiye ragowar. Saura tambaya ɗaya. Bangon falon da ke jingine da banɗaki fentinsa yana ɓamɓarewa daga ƙasa, yana fitar da wani farin gari, kuma ina tsoron kada a yi sabon fenti ya sake tashi.

Baban Sadik, kafinta:

Wannan danshi ne, Malama, kuma fenti ba ya maganinsa, in an shafa a kansa kumbura zai yi ya zube. Tunda bangon banɗaki ne, a fara kiran mai gyaran famfo ya duba ko akwai bututun da ke yoyo a ciki, ko kuma simintin ƙasan banɗakin ya tsage ruwa yana bi ta nan, kuma wannan gyara haƙƙin mai gida ne. Bayan an toshe, a kankare wurin har a tarar da siminti mai ƙarfi, a bar shi a buɗe ya sha iskar hunturu na wasu makonni har ya bushe sarai, a yi masa sabon shafe da simintin da aka haɗa da maganin hana ruwa, sannan a yi fenti. Idan an kawo kujerun kuma, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da wannan bangon.