Bilic na kwalba ko na jarka? A taimaka da shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum. An ba ni aikin shara da goge-goge a wata makarantar yara a Tumfure, Gombe, aji shida da banɗaki huɗu, kuma daga albashina kuɗin kayan wanki zai fita. Bilic na kwalba mai 3.5% a jiki ya yi min tsada. Akwai mai sayar da na jarka a kasuwa, ba takarda a jiki, rabin kuɗi. In saya? Kuma nawa ake zubawa a bokiti mai lita 10?

Ɗan Bolari: Ki sayi Izal kawai, ƙamshi har titi.

Maman Ilham: Malam, ba ƙamshi na tambaya ba.

Hajiyar Jekadafari: 'Yata, kada ki kuskura. Bara saura ƙiris a yi min sallah. Masai ya yi baƙi, na zuba ruwan wanke masai mai asid ɗin nan, bai fita ba, sai na ƙara na jarka a kai, na ja ƙofa don kada jikoki su shigo. Ko durƙusawa ban yi ba abu ya shaƙe ni, ido kamar an watsa barkono, ga tari ba ƙaƙƙautawa. Da rarrafe na fito. Kwanana biyu a asibiti. Da na koma wurin mai jarkar, ko sannu bai ce min ba.

Sista Rabi: Allah ya ƙara lafiya Hajiya, amma ba laifin jarka ba ne. Kowane bilic ya haɗu da asid, iskar kulorin zai tayar. Maman Ilham, mai 3.5% ana yi masa ma'auni 1 da ruwa 34 don ƙasa da tebura, wato kusan mililita (mil) 300 a bokitinki. Inda yaro ya yi amai ko jini ya zuba, 1 da ruwa 6. Ruwan sanyi, kuma sabon haɗi kowace safiya. Matsalar na jarka, ba ki san ƙarfinsa ba, ga rana ta gama dukansa, da me za ki yi lissafi?

Hajiyar Jekadafari: Ke da kike karantawa a takarda da ni da na kwanta, wa za a saurara?

Sista Rabi: Hajiya, irinku muke karɓa a bakin aiki.

Ɗan Bolari: Ni dai murfi uku nake zubawa.

Abu Sadik: Murfin kwalba ko na tukunya? Ki yi wa gorar ruwa mai mil 500 alama da biro sama da rabi kaɗan, shi ke nan. Lita ɗaya 1,500 na saya makon jiya.

Ummu Hanan: A ina? 2,300 aka ce min a Pantami.

Abu Sadik: An ga mayafi mai tsada ne.

Ummu Hanan: Ku bar ta bilic ma. Ruwa 34 ɗin daga ina? Famfonmu wata biyu ko ɗigo, ga dam a Dadin Kowa. Mai kura ya ƙara kuɗi, ruwan kuma ja kamar shayi.

Hajiyar Jekadafari: Mu sai mun sa alif ya kwana kafin ya wanku.

Maman Ilham: Makarantar ma ba rijiya. Yanzu na tuna ban tambayi wa zai biya kuɗin ruwan ba.