Wasiƙun sojojin Bama: in kwashe duka ko in zaɓa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Wani dillali ya kawo ambulan 9 na sojojin Najeriya da suka yi yaƙin Bama (ƙasar Burma, Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu, da kan sarki 2 masu tambarin C.E.F. Yana neman naira dubu 300, ya ce ba ya rabawa. Uku babu hatimin isowa a baya. In biya ko in haƙura?

Baba Mai Hatimi: Fara da shekara. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943, ta 82 kuma a 1944. Duk wadda aka ce daga Bama take amma hatiminta 1941, to ta yaƙin Habasha ce, ko ƙarya. Sannan ka nemi abu huɗu: "On Active Service" a sama, hatimin gidan wayar filin daga mai lamba, hatimin mai tace wasiƙu, da sa hannun hafsa a ƙasa. Rashin kan sarki ba aibi ba ne, wasiƙar soja da ke bin jirgin ruwa kyauta take tafiya.

Na-Zazzau: C.E.F. ai na rundunar da aka tura Sin ne (China Expeditionary Force), 1900, a kan kan sarkin Indiya.

Baba Mai Hatimi: Akwai biyu, ɗana. In hoton jirgin ruwan Kaiza, sarkin Jamus, ne da rubutun Kamerun, to na rundunar da ta kama Duwala a 1914 ne (Cameroons Expeditionary Force), an buga su 1915, kala 13, daga rabin kwabo zuwa sule 5. Jabunsu sun yi yawa. Sa madubin ƙara girma, ka gwada kaurin haruffa da tazarar ɗigo da wanda aka tabbatar.

Hajiya Uwargida: Ku bar zancen hatimi, ajiya ke kashe kayan nan. Dillalai na manne bakin ambulan da salatif, gam ɗin ya ratsa takarda ya bar tabon rawaya da ba ya fita. Wasu su ƙona musu leda, shi ke nan, daraja ta tafi. Mafi ciwo, masu jiƙa ambulan su ɓare kan sarki su jefar da sauran, alhali tarihin yana jikin ambulan: lambar soja, bataliya, ranar aikawa. An ga akwati guda da aka bari a ƙasa damina ɗaya, gara ta ci rabi, laima ta fesa wa sauran ɗigon tsatsa. Ledar PVC ma guba ce. Aljihun foliyesta, a tsaye, nesa da bango.

Na-Zazzau: Dubu 300 fashi ne. Ambulan ɗin soja na yaƙin duniya na biyu sun cika kasuwar gwanjo, dubu 10 kowanne ya isa.

Alhaji Kanti: Na Turawa ne suka cika. Wanda sojan Afirka ya aiko Kano da hatimin isowa, balle da ajami a ciki, ko dubu 80 ba zan sake shi ba.

Na-Zazzau: Alhaji, mai sayarwa ba ya zama alƙalin farashi.

Alhaji Kanti: Wanda bai san C.E.F. biyu ba ne zai zama?

Ɗan Tasha: Ni dai garar Hajiya nake tausayi, ta ci tarihi ba ta san farashi ba.

Baba Mai Hatimi: Rashin hatimin isowa ba ya soke ambulan, yana rage kuɗi ne kawai. Tura hoton gaba da baya ga ƙungiyoyin masana kan sarki da wasiƙu na Birtaniya, West Africa Study Circle ko Forces Postal History Society, su duba lambar hatimin da inda rundunar take a watan, kwarin Kaladan ko wani wuri a yankin Arakan na Bama.

Hajiya Uwargida: Sai su gani su saye, su tafi Landan. Me ya hana a kai irin waɗannan Arewa House a Kaduna?

Ɗan Tasha: Takardar ake wa ciniki yanzu. Waɗanda suka rubuta ta fa? Sun kai har garin Myohaung na Bama a Janairun 1945, suka dawo, kuɗin sallamarsu bai kama ƙafar na Turawa ba.

Ɗan Fagge: Jama'a, dillalin fa gobe zai dawo.

Na-Zazzau: Ba sallama kaɗai ba, ku duba albashin tun farko.