Wace rauta ce za ta riƙe ƙaramin ofis mai ɗaki huɗu?

Mai_Ofis_Kano:
Assalamu alaikum. Ofis ne mai ɗaki huɗu, ginin bulo, ma'aikata takwas, kowa da kwamfuta da waya, ga na'urar buga takarda ɗaya. Babu wayar faiba a layin, da layin waya za a yi amfani. Wace rauta, wato na'urar raba intanet, ya kamata a saya? A kasuwa ana ta nuna mana masu eriya huɗu da shida, wai su ne masu ƙarfi.

Injiniya_Sabo:
Wa alaikumus salam, Malam. Bar maganar yawan eriya tukuna. Fara da gano kamfanin da sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a cikin ofishin kansa, ba a bakin titi ba. Sa layin MTN, Airtel da Glo a waya ɗaya bayan ɗaya, ka gwada saurin da safe, da azahar, da bayan magariba, lokacin da jama'a suka yi wa hasumiya yawa. Wanda bai faɗi da yamma ba shi ne naka.

Daga nan sai ka duba zangon 4G, wato Band, da rautar ke kamawa, yana rubuce a jikin kwali. Airtel na aiki da Band 3, MTN na da 3 da 7 da 20, Glo kuma na da Band 28, wanda rauta da yawa da aka shigo da su daga Turai ba sa kamawa. Nan mutane ke faɗawa: rautar lafiyarta ƙalau, amma sai ta maƙale a 3G. Kuma ka tambaya ko a buɗe take, domin wadda kamfanin layi ke sayarwa da araha yawanci layinsa kaɗai take karɓa.

Ga na'urori kusan ashirin, kada ka sauka ƙasa da Cat6 a matakin saurin 4G na rautar. Cat4 iyakarta megabit 150 a takarda, zango ɗaya take riƙewa. Cat6 tana haɗa zango biyu a lokaci guda, ta kai 300. TP-Link Archer MR600 da Huawei B535 sun isa wannan aiki. TL-MR6400 kuwa ta gida ce: Cat4, Wi-Fi ɗinta 2.4 GHz kaɗai, ramukan wayarta megabit 100.

Hajiya_Binta_ICT:
Injiniya ya gama da zaɓi, saura abin da ke kashe rauta a nan Arewa: wuta da zafi. Duk sanda aka ɗauke wuta aka koma janareta, rautar za ta mutu ta sake tashi, minti biyu ko uku babu intanet, kuma hawa da saukar wutar nan kan ƙona cajarta. Sayi ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, mai fitar da DC, irin wutar da cajar rautar ke ba ta, amma duba ƙasan rautar tukuna, wasu 12V suke ci, wasu 9V. Kada a yarda da lambar mAh, ma'aunin girman batiri, da ke jikin kwali ido rufe: 10,000 mAh a 3.7V wat-awa 37 ne, rauta mai cin wat 8 za ta samu awa uku zuwa huɗu, ba wuni guda ba.

Zafi kuma, yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 40, Kano kuwa a watan Afrilu tana wuce haka. Kada a sa ta cikin durowa, ko daf da rufin kwano, ko inda rana ke dukan taga. In ka ga tana yanke sabis da rana tsaka ta dawo daidai da dare, taɓa jikinta ka ji.

Mai_Ofis_Kano:
Na gode ƙwarai, Injiniya da Hajiya. To ɗakin ƙarshe fa, bango uku ne tsakaninsa da taga. Ƙaramar na'urar ƙara sabis ɗin nan da ake sokawa a soket za ta yi?

Injiniya_Sabo:
Ba na ba da shawararta. A tasha ɗaya take karɓa take kuma mayarwa, don haka saurin kan ragu kusan rabi. Ja wayar intanet mai suna Cat6 (ba matakin saurin rauta da na faɗa ɗazu ba) daga rautar zuwa ɗakin, ka sa rauta ta biyu a tsarin Access Point, wato ta riƙa yaɗa Wi-Fi kawai, ka kashe DHCP ɗinta, mai raba wa na'urori adireshi, don kada su biyun su yi ta rikici wajen raba adireshi. Wayar tana kai mita 100 ba matsala, amma a tabbatar ta tagulla ce zalla, ba mai CCA ba, wadda alminiyam ne aka shafa wa tagulla.

Kwamfutocin da ke kusa a sa su a 5 GHz, na bayan bango a 2.4, a kafa tasharta a 1, 6 ko 11. Ranar farko a shiga shafin saiti, a Huawei 192.168.8.1 ne, a canza kalmar sirrin admin, a zaɓi tsarin kulle Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. A can kuma za ka ga RSRP, ma'aunin ƙarfin sabis: daga -90 zuwa sama yana da kyau, in ya kai -110 sai a nemi eriyar waje, a tabbatar rautar tana da ramin SMA, inda ake ɗaura eriyar waje, guda biyu kafin a biya kuɗi.